Abin da za ka yi in banki ya ƙi biyan LC ɗinka

Masu fitar da riɗi, citta ko zoɓo waje, ku riƙe wannan: a harkar LC, wato takardar alkawarin da bankin mai saye ke bayarwa cewa zai biya ka in ka kawo takardun da aka nema, banki bai san kayanka ba, takarda kawai yake dubawa. Haka yake a ƙa'idar UCP 600 ta ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya ICC, wadda ta fara aiki a Yulin 2007, kuma yawancin LC da ita ake rubuta su. Ko riɗinka ya baro Dawanau tas ba tsakuwa, in nauyin da ke takardar lodin jirgi ya saɓa da na inbois (takardar lissafin kuɗin kaya), wallahi sai su riƙe maka kuɗi.

To ranar da LC ta iso, kafin ka loda buhu ko ɗaya, zauna ka bi ta layi-layi. Sunan kamfaninka daidai aka rubuta? Ranar ƙarshen lodi za ka iya cim mata da irin cunkoson tashar jiragen ruwa ta Apapa? In ka ga sharaɗin wai sai mai saye ya sa hannu a takardar duba kaya, wannan tarko ne, farashi na faɗuwa zai noƙe ya ƙi sa hannu kai kuma kwantenarka tana tsakiyar teku. A gyara tun yanzu. In bankin mai saye bai kwanta maka ba nemi wani banki ya ƙara nasa lamunin, akwai caji amma gara hakan.

Bayan lodi kwana 21 gare ka ka miƙa takardu in LC ba ta yanka wani wa'adi ba, kuma kar ka bari wa'adin LC ɗin kanta ya ƙare takardu na hannunka.

In sun ƙi biya fa? Kar ka ruga wajen lauya tukuna, duba saƙon nasu. Kwana 5 na aiki gare su bayan ka miƙa takardu su sanar da kai sun ƙi, kuma dole su jero duk kurakuran a sanarwa ɗaya su faɗi me za su yi da takardun. Suka makara ba su da bakin magana, suka kawo saƙo na biyu da sabon ƙorafi kuma, wannan ƙorafin ba ya aiki. In kuskuren naka ne kuma akwai sauran lokaci, gyara ka sake miƙawa, in babu sai roƙon mai saye ya yafe, shi kuma dama ragi yake jira.

Ƙorafin wai kaya ba su yi kyau ba, tsakaninka da mai saye ne, kotu ba ta cika tsayar da biya ba sai da hujjar zamba ƙarara. In rigimar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa akwai DOCDEX na ICC, masana su duba takardu su yanke, ya fi shari'a a London araha nesa ba kusa ba. Sannan ka sanar da bankinka a rubuce, don kwana 180 da aka ba ka na dawo da kuɗin kayan da ka fitar a kan fom ɗin NXP, wato fom ɗin fitar da kaya waje, ba sa jiran rigimarka.