Scaloppine da Piccata: Inda Aka Fi Ɓata Su, da Yadda Za Ki Gyara

A Italiya, scaloppine naman maraƙi ne da ake yanka fale-fale, a barbaɗa masa fulawa, a soya cikin bota, a yi masa ɗan romo a kaskon da aka soya shi. Italiyawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka tsakanin 1880 da 1920, kimanin mutum miliyan 4, sun tafi da wannan girki, sannu a hankali jikokinsu suka koma ga ƙirjin kaza saboda ya fi araha. Daga nan piccata da marsala da francese na kaza, wato nau'o'in wannan girki, suka cika gidajen abinci na Niyok. Dukkansu sirrinsu ɗaya ne: nama siriri, wuta mai zafi, lokaci kaɗan.

Kuskuren da ya fi yawa a wajenmu shi ne tafasa naman kafin a soya. Hannunmu ya saba da haka, kuma a miya daidai ne. A nan kuwa, da zarar kin tafasa, kin kashe girkin: ruwan naman ya tsere, sai ki tarar da abu busasshe mai tauri. Ɗanye ake sa shi a kasko. Kazar gida mai tsufa ma ba ta dace ba, ki nemi ƙirjin kazar gidan gona ko naman ɗan maraƙi.

Sai kauri. Kada yanka ya wuce rabin santimita. Ki kwantar da ƙirjin kaza, ki danne shi da tafin hannu, ki tsaga shi a kwance gida biyu, kamar yadda mai kilishi yake shimfiɗa nama. In maraƙi ne, ki yanka a gicciye da jijiyar naman, don wanda aka yanka a tsaye yakan naɗe a wuta ya yi wuyar tauna. Sannan ki sa shi tsakanin leda biyu, ki bubbuga da gindin tukunya daga tsakiya zuwa gefe. A hankali, uwargida! Ana so ya baje ne, ba ya yage ba. In gefe ɗaya ya fi kauri, siririn zai ƙone kafin mai kaurin ya nuna.

Fulawa ma tana da nata lokacin. Wasu kan barbaɗe naman duka su ajiye, su tafi yanka lemun tsami. Kafin su dawo fulawar ta sha ruwa ta zama danƙo. Ki tsane naman da tsumma mai tsabta, ki sa gishiri da masoro, kuma sai kasko ya yi zafi za ki tsoma yanka a fulawa, ki kakkaɓe, ki saka.

Kada ki cika kaskon. Yanka biyu ko uku sun isa, in ba haka ba naman zai fitar da ruwa ya turaru, ya fito fari fat. Ki haɗa bota da man zaitun. Maraƙi minti 1 zuwa 2 kowane gefe, kaza 2 zuwa 3, har cikinta ya daina ja. Ki bar shi ya yi launin zinariya kafin ki juya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a wanke kaskon kafin a yi romo. Wannan ƙanzon da ya manne a ƙasa, shi ne daɗin girkin gaba ɗaya. Ki zuba ruwan dafaffen ƙashin kaza, ki kankare da cokalin katako, ki bari ya ragu zuwa rabi. Ruwan lemun tsami a ƙarshe ake sa shi. Sai ki sauke kaskon, ki jefa bota mai sanyi kina jujjuyawa har romon ya yi kauri yana sheƙi. In kin bar shi yana tafasa, mai zai rabu ya taso sama. A piccata ana ƙara capers, tohon furen wani tsiro da ake adanawa a gishiri ko khal. Ki ɗauraye su tukuna, ki kuma rage gishirinki.

Akwai abin lura ga Musulmi. Girkin asali yakan zo da farar giya, marsala kuma sunan giyar garin Marsala ne a tsibirin Sisili. Masu cewa duk barasar tana ƙonewa a wuta sun yi kuskure, ɗan gajeren dahuwa irin wannan ba ya kawar da ita duka. Romon kaza da lemun tsami sun wadatar a piccata. Saltimbocca, wani nau'in scaloppine na birnin Rum, kuma ana liƙa mata prosciutto, wato naman alade, da sage, wani ganye mai ƙamshi. Bresaola, busasshen naman sa na yankin Valtellina a Italiya, yana iya maye gurbinsa in an samu na halal.

Ki mayar da naman cikin romon na rabin minti kawai, ki kai tebur nan take. Amurkawa kan ɗora shi kan taliya, Italiyawa kuwa sai sun gama da taliyar suke cin sa, da ɗan ganye ko dankali da burodin goge faranti.