Yadda ake wanke galan ɗin Kufuor kafin ƙwayoyin cuta su gama ƙirga kansu

Duk wadda ke zaune a unguwar Nima ko Mamobi a Akara ta san ranar da famfo ya kawo ruwa. Layin galan ruwan ɗorawa tun asuba, waɗanda muke cewa galan ɗin Kufuor saboda wahalar ruwan da aka sha a zamanin mulkin shugaban Gana John Kufuor, tsakanin 2001 da 2009. Abin da ke damuna shi ne cikin galan ɗin. 'Yar'uwa, zura yatsa ki shafo ƙasan wuyansa. Idan kin ji santsi, to kin taɓa gari guda na ƙwayoyin bakteriya.

Kafin mu ɗauki soso, ya kamata ki san da wa kike faɗa. Ƙwayar bakteriya ba ta da ido ba ta da kunne, amma tana iya gane yawan 'yan'uwanta da ke kusa. Kowace ɗaya tana fitar da ɗan sinadari a cikin ruwan da take, kuma tana iya jin irin wannan sinadarin. Kamar turaren wuta ne: mace ɗaya ta kunna a tsakar gida, iska ta kwashe, amma mata ashirin su kunna a ɗaki ɗaya, ko makaho ya san an cika. Da sinadarin ya yi kauri ya kai wani mizani, sai dukansu su sauya hali a lokaci guda. A 1970 ne Kenneth Nealson da Woodland Hastings da abokin aikinsu suka lura da haka a Amurka, a jikin wata bakteriyar teku da ba ta ba da haske sai ta yi yawa. A 1994 aka raɗa wa abin suna quorum sensing, wato jin cikar taro. Wasu, irin su Pseudomonas aeruginosa da ke son wuri mai laima, da wannan ƙirgar suke ƙarfafa yauƙin da suke gina wa kansu a jikin roba. Cikin yauƙin nan suke ɓuya, kuma maganin ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Shi ya sa ɗauraya kaɗai ba ta yin komai.

Farko, juye ruwan da ya rage kaf, ki yi shara ko wanki da shi. Al'adar nan ta ƙara sabon ruwa a kan tsohon ita ce babbar illa. Ruwan famfon da ke zuwa daga matatar ruwa ta Weija ko ta Kpong ana sa masa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma ƙarfinsa yana raguwa idan ya kwana biyu a ajiye, sai ya tarar da masu gari suna jiransa.

Sai gugewa, kuma nan ne aikin yake. Zuba ruwa kamar kwata na galan, ki sa sabulu. In kina da burushi mai dogon hannu, shi ya fi. In babu, wanke tsakuwa masu sulɓi cikin hannu ɗaya, ki zuba, ki rufe, ki girgiza da ƙarfi ta kowane gefe, ki kifa shi don su kai ga lungun mariƙi. Kar ki yi amfani da tsakuwa mai kaifi, domin duk karcen da ta bari a robar sabon maɓoya ne. Murfin ma a goge shi, musamman zaren da ake murɗawa, da ni kaina na daɗe ina mantawa da shi. Abin da kike yi a nan shi ne rushe ginin da watsa taron. Ɗauraye har kumfa ta ƙare.

Bayan nan ne maganin bilic zai yi aiki, irin wanda ba a sa wa ƙamshi ba. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya a cikin lita ɗaya ta ruwa. Zuba a galan, rufe, jujjuya ya taɓa ko'ina, ki bar shi aƙalla daƙiƙa 30, sannan ki zubar. Kar ki taɓa haɗa bilic da wani maganin wanke-wanke, hayaƙin da yake tayarwa yana cutar da huhu. Wannan haɗin kuma na wanke galan ne, ba na sha ba.

Kifa shi ya bushe, baki a ƙasa, a kan wuri mai tsabta.

In kin cika shi, ki rufe da murfinsa, ki ajiye a inuwa. Tsiyayowa ake yi, ba a zura hannu ko tiyo. Randa ko baro kuwa, moɗa ɗaya mai dogon hannu za a ware musu, a rataye ta, kar a bar wa yara ita a ƙasa. A ganina sau ɗaya a mako ya dace a yi wannan wankin. Galan ɗin da ya yi kore ko ya karce sosai, a mayar da shi na wanki.

Akwai ƙwayar da ta sa ba na wasa da wannan magana: ta kwalara, Vibrio cholerae. Ita tata ƙirgar a juye take. Idan suna kaɗan a cikin hanjin mutum sai su manne su fitar da guba, idan sun ji sun cika sai su saki su fita da gudawa, su nemi wani ruwan da wani cikin. A 2014 sama da mutum 28,000 suka kamu a Gana, kuma Akara ce ta fi jin jiki. Don haka in an ji labarin amai da gudawa a unguwa, wanke galan bai isa ba. A tafasa ruwan sha sai ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, a bar shi ya huce a rufe. Wanda ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa kuma, a ba shi ruwan gishiri da sukari a kan hanya, a kai shi asibiti a ranar.