Yadda ɗalibin jami'a zai shirya wa sana'ar zane mai motsi na kwamfuta

Abin da ya fi kayar da ɗaliban zane mai motsi a shekarar farko shi ne ɗaukar babban aiki tun ƙafa ba ta yi ƙwari ba. Mutum ya sauke manhaja yau, gobe ya ce fim na minti goma zai yi. Yi lissafi tukuna. Fim yana tafiya ne a kan firam 24 a kowane sakan, wato hotuna 24 ke gilmawa a idon mai kallo kafin sakan ɗaya ya cika. Minti ɗaya firam 1,440 ke nan, minti goma kuwa 14,400. A manyan situdiyon fim, ƙwararren da wannan ce sana'arsa 'yan sakanni kaɗan yake gamawa a mako guda. To ina ga wanda bai taɓa sa ƙwallo ya yi tsalle ba? Masu ɗaukar aiki ba takardar digiri suke fara dubawa ba. Faifan ayyukanka na minti ɗaya suke buɗewa, don haka ka ɗauki shekarun makaranta a matsayin lokacin gina wannan minti ɗayan.

Zaɓi fanni da wuri

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai mai zana labarin a jerin hotuna, akwai mai ƙera siffar ɗan wasa, akwai mai saka masa ƙwarangwal da igiyoyin da za a juya shi da su, sai mai motsa shi, sai mai haske, sai mai haɗa komai a ƙarshe. A shekarar farko ka ɗanɗana kowanne, domin mai motsa siffa da bai san yadda ake gina ƙwarangwal ba ba zai iya gaya wa abokin aikinsa abin da ya lalace ba. Amma kafin shekara ta biyu ta ƙare ka tsayar da ɗaya. Faifan da ya taɓa komai sama-sama ba ya nuna wa kowa kujerar da za a ba ka. Abin da ke biye ya fi karkata ga mai motsa siffa.

Batun kayan aiki ba ya buƙatar dogon zance. Manhajar Blender kyauta ce tun 2002 da aka saki lambobin da aka gina ta da su ga kowa, kuma ta isa a koyi komai da ita. Maya ta kamfanin Autodesk ita ce ta fi yawa a situdiyon fim da na wasannin bidiyo, kuma ɗalibi na iya samun lasisin karatu idan ya tabbatar da rajistarsa. Mai son zanen hannu ya duba Krita ko OpenToonz ko Toon Boom Harmony. Riƙe ɗaya har hannunka ya saba, sannan ka leƙa ta biyu. Kwamfuta mai RAM gigabait 16 za ta ɗauki darussan motsi, 32 ya fi kwanciyar hankali idan za ka taɓa haske da gashi da ruwa. Linzami mai maɓalli uku wajibi ne.

Ƙwallo kafin mutum

A 1981 wasu tsofaffin masu zanen Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka rubuta ƙa'idojin motsi goma sha biyu da har yau ake koyarwa. Haddace sunayensu ba ya amfana komai. Ƙwallo mai tsalle ne ke shigar da su cikin hannu.

Abu biyu za ka raba a kanka: lokaci da tazara. Lokaci shi ne firam nawa motsi ya ci. Tazara ita ce nisan da abu ya yi tsakanin firam da firam. Ƙwallon da aka saki daga tsayin mita ɗaya yana taɓa ƙasa cikin kusan firam 11. Amma ba a raba mitar nan gida sha ɗaya daidai ba. Abin da ke faɗowa gudunsa ƙaruwa yake, tazararsa tana tafiya ɗaya, uku, biyar, bakwai. A can sama hotunan a cunkushe suke, a kusa da ƙasa a warwatse. Idan ka bar manhaja ta cike tsakanin ƙololuwa da ƙasa da kanta, za ta sassauta gudun daidai lokacin da ƙwallon zai bugi ƙasa, sai ya sauka a hankali kamar wanda aka ajiye da hannu. Maganinsa yana tagar layukan motsi, inda kowace juyawa da kowane matsi ke da layinsa mai lanƙwasa. Karya layin tsayi a wurin bugun ƙasa ya zama mai tsini, ka bar shi da faɗi a ƙololuwa. Wannan tagar ita ce rabin sana'ar, kuma ɗalibai da yawa gudunta suke yi saboda ta yi kama da darasin lissafi.

Yi ƙwallon sau uku: na roba, na ƙarfe, da balan-balan. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Nuna wa wanda bai san aikin ba. Idan ya iya faɗin wane ne mai nauyi, ka wuce. Daga nan sai lilo mai gaɓa uku, don ka ga yadda ƙarshen abu ke bin tushensa a makare da firam ɗaya ko biyu.

Tafiya ita ce jarrabawa ta gaba. Matsakaiciyar tafiya tana cin firam 12 a kowane taku, 24 ke nan kafin ƙafar da ta fara ta dawo. Kowane taku yana da tsayuwa huɗu: diddige ya taɓa ƙasa, jiki ya nutse da nauyi, ƙafar baya ta wuce ta gaba, jiki ya ɗaga. Ƙugu ne ke jan ragamar. Fara da shi da ƙafafu, ɓoye hannuwa da kai har sai nauyin ya zauna. Matsala biyu za ka gamu da su. Ta farko zamiyar ƙafa: tafin da ke ƙasa ya riƙa sulɓewa kamar a kan santsi, saboda gudun jiki da na ƙafa ba su dace ba. Ƙafar da ta taka ƙasa kada ta gusa ko kaɗan har sai ta ɗaga. Ta biyu fizgar gwiwa: idan ƙafa ta miƙe ɗari bisa ɗari a tsarin IK, wanda ake jan tafin ƙafa gwiwa ta biyo shi da kanta, gwiwar takan yi tsalle cikin firam guda. Sauke ƙugun kaɗan ko ka ɗaga diddigen da wuri, yadda gwiwa za ta riƙe ɗan lanƙwasa.

Yadda ake tunkarar fitowa guda, wato guntun fim da kyamara ba ta yanke ba

Kada ka buɗe manhaja kai tsaye. Jingina wayarka, ka ɗauki kanka kana yin motsin sau biyar ko goma, ka zaɓi wanda ya fi. Bi shi firam bayan firam ka lura da inda nauyi ya koma daga wannan ƙafa zuwa waccan. Za ka ga abin da tunani ba zai ba ka ba, kamar yadda mai shirin tashi daga kujera yake fara sunkuyawa gaba ya ja ƙafafunsa ƙarƙashinsa.

Sannan ka jera manyan tsayuwar jikin kaɗai, ka saita manhajar yadda kowace tsayuwa za ta tsaya cak har ta gaba ta zo. A wannan mataki za ka nuna wa malami ko abokan karatu, domin gyara a nan ba ya cin komai. Gwada kowace tsayuwa da baƙin inuwa: idan aka cike siffar da baƙi kuma ba a gane abin da take yi ba, hannu ya ɓuya a gaban ƙirji ke nan, fitar da shi gefe. Ƙara tsayuwar tsakiya har ya zama babu giɓin da ya wuce firam uku ko huɗu. Sai a lokacin za ka bari manhaja ta haɗa su. Wanda ya yi gaggawar haɗawa shi ne aikinsa ke fitowa kamar ana iyo a cikin ruwa, komai na motsi a tare, babu abin da ke da nauyi.

Wani lokaci hannu zai yi wata irin juyawa ta banza tsakanin tsayuwa biyu masu kyau. Kullewar juyi ce: biyu daga cikin layukan juyawa uku sun hau kan juna. Maya da Blender duk suna da matatar Euler da ke warware mafi yawansa, in ta ƙi sai ka sauya jerin juyawar gaɓar tun kafin aikin ya yi nisa.

In ka kai ga magana, jiki za ka fara yi, baki daga baya. Ba kowane harafi ake yi wa siffa ba, baki zai yi ta karkarwa. Kama buɗewar muƙamuƙi a kan wasulan da aka ƙarfafa, sai rufewar leɓe a kan m da b da ɓ, ka riƙe ta aƙalla firam biyu, in ba haka ba ido ba ya ganin ta. Siffar baki ta riga sauti da firam ɗaya ko biyu. Gasar 11 Second Club ta intanet tana ba da sautin sakan goma sha ɗaya kowane wata don irin wannan atisaye, kuma tsawon ya dace da ɗalibi.

Abin da ke cinye aiki a makon ƙarshe

Fitar da hoton ƙarshe yana cin lokaci fiye da zato. Idan firam guda na ɗaukar minti uku, fim na minti ɗaya zai ci awa 72 kwamfuta ba ta huta ba. Gwada firam uku daga wurare masu wuya, ka ninka, ka san gaskiyar tun da saura mako biyu. Fitar da shi a jerin hotunan PNG, kada ka fitar da bidiyo kai tsaye, domin in kwamfuta ta tsaya a firam na 900 daga nan za ka ci gaba. Ajiye fayil da lamba mai ƙaruwa kullum, kada ka danne na jiya, kuma kwafi ɗaya ya kasance a wajen kwamfutarka. Idan za ka kai aikin wata na'ura, tattara hotunan fata, wato waɗanda ake lulluɓe siffa da su, da sauti cikin jaka ɗaya. A Blender, siffar da ta rasa hoton fatarta da ruwan hoda take fitowa, alamar hanyar fayil ta yanke.

Faifan neman aiki

Minti ɗaya ya isa, biyu shi ne iyaka. Mafi kyawun aikinka a farko, domin mai dubawa yana da tarin wasu a gabansa kuma ba lallai ya kai ƙarshe ba. Fitowa huɗu masu ƙarfi sun fi tara da rauni a cikinsu, mai rauni ɗaya kan sa a yi shakkar sauran. Ga mai motsa siffa, a samu motsin jiki mai nauyi, a samu magana, in da hali a samu dabba mai ƙafa huɗu. Ba dole ba ne a yi haske mai ƙayatarwa, hoton gwaji mai tsabta ya wadatar. Sunanka da imel a farko da ƙarshe. A rubuta abin da kai ka yi a kowace fitowa, da sunan wanda ya ƙera ƙwarangwal ɗin idan na aro ne, bayan ka karanta sharaɗin amfani da shi. Ɗora shi a shafin intanet na Vimeo ko ArtStation ba tare da kalmar sirri ba.

Situdiyo da yawa kan buɗe neman ɗaliban horon bazara watanni kafin lokacin, don haka faifan ya zama a shirye tun farkon shekarar karatu ta uku. Bikin finafinan zane mai motsi na Annecy a Faransa da ake yi a watan Yuni da taron masu zanen kwamfuta na SIGGRAPH wurare ne da masu ɗaukar aiki ke duba faifan ɗalibai, kuma dukansu suna karɓar ɗalibai 'yan sa-kai. Duk bayan zango ka cire fitowa mafi rauni daga faifan, ka sa sabuwa a gurbinta.