Yadda ake wankin farko na saƙar ulu

Tambayar nan tayi yawa wallahi, kullum sai wata tace min ta gama saƙa rigar sanyi tana wankewa ta tsuke, to ƴan uwa ga yadda nake yi.

1. Ki soke ragowar zaren ta ciki da allura tukuna.
2. Zuba ruwan sanyi a roba da sabulu ɗan kaɗan.
3. Jiƙa saƙar minti 15.
4. Ɗauraye, shima da ruwan sanyi. Nan fa ake kwafsawa, ruwan zafi da cuɗawa su ke sa gashin ulu ya cakuɗe ya dunƙule kuma in ya tsuke shikenan baya dawowa.
5. Naɗe ta a tawul ki danna, banda murɗawa.
6. Shimfiɗa ta a inuwa, kar ki kuskura ki rataye a igiya, nauyin ruwa zai ja ta tayi tsawo.
7. Gyara hannuwan da wuyan tun da danshi.