Darasi Na Bakwai: Buɗe Akawun A Mastodon

Kafin ka fara ɗauko wayarka da biro da takarda. Biron nan dole ne.

Facebook da WhatsApp da Instagram duk na kamfani ɗaya ne, shi ya sa ranar 4 ga Oktoba 2021 da na'urorinsu suka samu matsala duka ukun suka ɗauke wajen awa shida, masu sayar da kaya ta waya suka yi jugum. Mastodon shi ma dandalin sada zumunta ne, amma ba haka yake ba. Wani matashi a Jamus mai suna Eugen Rochko ne ya fito da shi a 2016 kuma ya bar manhajar kyauta, kowa zai iya ɗauka ya ɗora kan kwamfutarsa, irin wannan kwamfutar da ake bari a kunne dare da rana ita ake ce wa saba. Sabobin nan dubbai ne, kowace da mai ita da dokokinta, amma suna magana da juna kamar dai yadda mai layin MTN ke kiran mai Airtel. Babu talla a ciki.

To mu fara. Shiga Play Store ka rubuta Mastodon ka sauke. Zai nemi ka zaɓi saba, in ba ka san wata ba zaɓi mastodon.social. Tsaya nan. Rubuta sunan sabar a takarda yanzu, da ɗigon da ke tsakiya. Ka rubuta? Madalla, sannu da ƙoƙari.

Sai ka zaɓi suna. Kar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ, ba zai karɓa ba, kar kuma ka bar fili tsakanin kalmomi. Sa imel ɗinka da fasuwod, sannan ka buɗe imel ɗin ka danna saƙon da suka turo maka, in ba ka gani ba duba wajen spam.

Yanzu ga inda kusan kowa ke tuntuɓe. Adireshinka kashi biyu ne kuma alamar @ ɗin nan sau biyu take zuwa, kamar haka: @sunanka@mastodon.social. Na farko sunanka, na biyu sabarka. In ka ba ɗan'uwanka sunanka kawai alhali yana wata saba zai sha wahala kafin ya same ka, ko ma ya bi wani mai irin sunanka. Ƙirga da yatsa, @ ɗaya, @ biyu. Sake rubutawa a takarda. Ba komai in ka yi kuskure, da sannu hannu zai saba, goge ka sake.

Ranar da ka canza waya kuma, abin da zai fara tambayarka sabarka ce, kafin imel kafin fasuwod. Anan ne mutum zai taho yana cewa malam akawun ɗina ya ɓace. Bai ɓace ba, sabar ka manta. Na ce a rubuta a takarda wasu sai su ce ai zan riƙe a kai, wallahi ba za ka riƙe ba, dan Allah ku daina wannan gardamar. @, suna, @, saba. A takarda, ka ninke ka sa cikin wannan littafin.

Abu ɗaya da nake so ku kiyaye, saƙon sirri a Mastodon ba a kulle yake ba, mai sabar zai iya karantawa in ya ga dama. Kar ka tura lambar asusun banki ta nan.

Darasi Na Takwas: Hira Ta Sirri

Sauke Element, manhajar hira ce, yana aiki ne da tsarin aika saƙo mai suna Matrix kuma yana kulle saƙo. Shi ma sai ka zaɓi saba. Adireshinsa @ ɗaya ne sai ɗigo biyu, @sunanka:matrix.org. Rubuta a takarda.

Darasi Na Tara: Kafa Sabar Ƙungiyarku

Ana buƙatar sunan shafi a intanet da kwamfutar haya da ake biya duk wata. Ku nemi yaron da ya iya Linux, wato manhajar da ke tafiyar da irin wannan kwamfutar, ya ɗora muku.