Yadda Ake Tabbatar da Cewa 2,147,483,647 Lambar Firam Ce

Lambar firam ita ce lambar da ta haura 1 wadda babu abin da ke raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5 da 7. Gane ƙananan ba ya da wuya, amma idan lamba ta kai 2,147,483,647, wanda ya ce zai yi ta gwada rabawa ɗaya bayan ɗaya zai sha wahala, domin sai ya bi duk lambobin firam har zuwa 46,340. Akwai hanya mafi sauƙi.

Mataki na farko shi ne a gano dangin lambar. A ƙara mata 1, sai a yi ta raba sakamakon biyu. Idan aka yi haka sau 31 za a sauka a kan 1, wato lambar tamu ita ce 2³¹ − 1 (2 sau 2 sau 2, har guda 31, a debe 1). Masu wannan siffa ana kiran su lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa.

Na biyu, a duba lambar da ke sama, wato 31. Dole ta kasance firam, in ba haka ba magana ta ƙare. Sai dai wannan sharaɗi kaɗai bai wadatar ba, kuma a nan ne masu koyo suka fi yin kuskure: 11 firam ce, amma 2¹¹ − 1, wato 2,047, daidai take da 23 sau 89.

Mataki na uku shi ne ainihin aikin, gwajin Lucas da Lehmer, mai ɗauke da sunayen masana lissafi biyu. A fara da 4, a ninka ta da kanta, a debe 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe abin da ya saura kawai. Sai a maimaita da wannan saura. Yawan zagayen shi ne lambar sama a debe 2, kuma idan sauran ƙarshe ya zama sifili, lambar firam ce tabbas.

Shawarata a fara gwada hannu da 127, wato 2⁷ − 1, mai zagaye biyar. Daga 4 ana samun 14. Daga 14 ana samun 194, saura 67. Daga nan sai 42, sai 111, sannan 111 sau 111 a debe 2 ya ba da 12,319, wadda ita ce 127 sau 97 cif, babu saura. Lambarmu tana buƙatar zagaye 29 ne kacal, amma a yi amfani da kwamfuta, domin ƙaramin kalkuleta yana yanke lambobin ƙarshe ya ɓata lissafin. Abin jinjinawa ne cewa masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da cewa firam ce tun 1772, kafin a san wannan gwaji.

Daga ƙarshe sai a ba ta matsayinta. Ita ce ta takwas a jerin firam na Mersenne. Kuma da yake 31 ita ma 2⁵ − 1 ce, lambar ta shiga rukunin Mersenne mai ninki biyu, wanda firam huɗu kawai aka sani a cikinsa: 7, 127, ita kanta, da 2¹²⁷ − 1 da Édouard Lucas ya tabbatar a 1876.