Yadda Ake Zaɓen Waɗanda Za a Tambaya Idan Ana Bincike a Ma'aikata

Yawancin masu fara bincike a kan ma'aikata ko kamfani suna ɓata watanni wajen gyara takardar tambayoyi, su goge wannan su ƙara wancan, amma batun wa za a miƙa wa takardar sai su bar shi har ranar fita. A ranar sai a shiga ofishin manaja da damin takardu, shi kuma cikin fara'a ya ce, "Ajiye su nan, zan sa a cike maka, ka dawo ranar Litinin." Ranar Litinin takardu sun cika tsaf, mai bincike ya fita yana godiya. Bai san aikin ya riga ya lalace ba, domin manaja ne ya zaɓi masu amsawa, kuma 'yan gaban goshinsa ya ba.

Na ɗauka ka riga ka san abin da kake son bincika, ka kuma san ko takardar tambayoyi za ka raba ko hira za ka yi. Daga nan za mu tashi.

Abu na farko, ɗauki biro ka rubuta a jimla ɗaya su wane ne bincikenka yake magana a kansu. "Ma'aikatan kamfanin" bai isa ba. Masu kwantiragi suna ciki? 'Yan wucin gadi fa? Wanda aka ɗauka aiki watan jiya, me ya sani game da yadda ake ƙarin girma? Ni dai ina cire duk wanda bai cika wata shida ba, sai in binciken a kan sababbin ɗauka ne. Sannan ka tantance ko mutum ɗaya-ɗaya kake auna ko sashe. In tambayarka ita ce wane salon shugabanci ya fi sa sashe ya yi ƙwazo, to mutum 200 daga sassa uku shugabanni uku kawai suka nuna maka. Lissafin kwamfuta ba ya gyara wannan.

Na biyu, nemi cikakken jerin sunaye. Jerin da ake biyan albashi da shi ya fi kowanne, domin ba a cika mantawa da mutum a cikinsa ba. Ba ka buƙatar sanin albashin kowa, kada ma ka tambaya, don nan take za a rufe maka ƙofa. Ka roƙi sashen kula da ma'aikata su ba ka lambar ma'aikaci, sashensa, matakinsa, da ko aikin rana yake yi ko na dare. Jerin adireshin imel yana da sauƙin samu, shi ya sa ake rububinsa, amma direbobi da masu gadi da masu shara da waɗanda ke tsaye kan inji galibi ba sa cikinsa. Kuma sau da yawa su ne suka fi kowa abin faɗa.

Wanda yake ganin yawan amsoshi zai rufe wannan giɓi, ya tuna da mujallar Literary Digest ta Amurka. A 1936 ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon ne zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Amma abokin takararsa Franklin Roosevelt ne ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen daga kundin lambobin tarho da rajistar masu mota aka ɗebo da yawansu, wato masu hali, kuma waɗanda suka damu su mayar da amsa sun fi karkata ga Landon. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da ya tambayi mutane kimanin 50,000, ya faɗi wanda zai ci daidai.

Yanzu ga inda na fi son ka tsaya, wato neman izini. Ba a shiga ma'aikata sai da yardar wani, kuma wanda ya buɗe maka ƙofa yakan so ya raka ka har ciki. Ba lallai mugunta ce ba. Wani taimako yake nufi, wani kuma tsoro yake ji kada a tona abin da zai ja masa tambaya daga sama. Ko ma wanne ne, sakamakon ɗaya ne: zai haɗa ka da masu bakin zaƙi, waɗanda suka san abin da ake so a ji.

Saboda haka ka raba abu biyu tun a zaman farko. Izinin shiga nasu ne, zaɓen mutane naka ne. Ka rubuta wannan a wasiƙar neman izini, kada ka bar shi a fatar baki. Wasiƙar ta faɗi abin da kake bincika a layi biyu, minti nawa za a ɗauka daga lokacin kowane ma'aikaci, cewa kai za ka fitar da sunaye ta hanyar ƙuri'a, cewa hukumar ma'aikatar ba za ta san wanda ya amsa da wanda ya ƙi ba, da kuma abin da za su samu a ƙarshe. Taƙaitaccen rahoto na shafi biyu ko uku ya wadatar. Kada ka yi alkawarin ba su ɗanyun amsoshi ko da an matsa maka.

In manaja ya ce shi zai raba takardun, ga irin amsar da ke aiki ba tare da ɓata rai ba: "Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai. Sai dai ƙa'idar binciken ta ce sai an zaɓa da ƙuri'a, in ba haka ba ba za a karɓi aikin ba. Kuma in aka yi haka, babu wanda zai ce hukuma ce ta tsara sakamakon." Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ke shawo kan mafi yawansu, don ta nuna masa cewa tsarin kare shi yake yi. In sun ce ba za su iya ba ka jerin sunaye ba saboda sirri, suna da hujja. Ka ce su ba ka lambobi zalla, 1 zuwa 600 misali, kai ka zaɓi lambobin, su kuma su haɗa ka da masu su. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne a ce, "Lamba 114 ba ya nan, ga wani a madadinsa." Ka tanadi jerin madadi tun farko, shi ma da ƙuri'a.

Ko shahararrun bincike ba su tsira daga wannan ba. A masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Shikago, inda aka yi gwaje-gwaje daga 1924 zuwa 1932, an keɓe mata biyar masu haɗa kayan tarho a ɗaki guda ana auna aikinsu. Ana cikin gwajin aka cire biyu bisa zargin yawan surutu da rashin ba da haɗin kai, aka kawo wasu, yawan kayan da rukunin ke haɗawa kuwa ya ƙaru. Har yau masana na jayayya kan ko kulawar da aka ba su ce ta ƙara aikin ko sauya mutanen.

Kada ka tsaya ga hukuma kaɗai. In akwai ƙungiyar ƙwadago, ka je ka gaida shugabanninta ka yi musu bayani kafin takarda ɗaya ta fita. In ma'aikata suka ɗauka kai ɗan leƙen asirin hukuma ne da aka turo gabanin rage ma'aikata, ko dai su ƙi amsawa ko su yi ta yabon da bai kai zuci ba. Ka kuma tambayi lokacin da aiki ya fi yi musu yawa, kamar ƙarshen wata ga masu lissafin kuɗi, ka kauce masa.

Sai maganar mutum nawa. Mutane suna ba wannan muhimmancin da ya wuce kima, alhali shi ne mafi sauƙi. Jadawalin da masana Krejcie da Morgan suka fitar a 1970, mai nuna yawan mutanen da za a tambaya, ya ce in ma'aikata 100 ne kana buƙatar 80, in 600 ne 234, in 1,000 ne 278, kuma ko sun kai miliyan ɗaya 384 sun isa. Wannan bisa tabbacin kashi 95 cikin ɗari ne da ragin kuskure na kashi 5. Sai dai jadawalin amsoshin da suka dawo yake ƙirgawa, ba takardun da ka raba ba. Wasu masana, Baruch da Holtom, sun duba ɗimbin binciken ma'aikatu da aka wallafa, a 2008 suka ruwaito cewa a matsakaici kashi 52.7 na ɗaiɗaikun ma'aikata ne ke amsawa, in kuwa kamfanoni ake tambaya kashi 35.7 ne. To in 234 kake so, sai ka gayyaci kusan 450. Kuma idan za ka gayyaci 450 cikin 600, ni a wurina gara ka aika wa kowa, musamman in ta intanet ne inda ƙarin mutum ba ya ƙara kuɗi. In bugawa za ka yi a takarda, nan ne lissafin aljihu zai shigo.

Masu hira lissafinsu daban ne. Wani mai bincike, Guest, da abokan aikinsa sun yi hira 60 da mata a ƙasashe biyu na Afirka ta Yamma, a 2006 suka nuna cewa kusan duk manyan jigogin sun fito a hira 12 na farko. Amma matan nan yanayinsu iri ɗaya ne. Kada ka ɗauki 12 ka raba tsakanin manajoji da leburori da masu kwantiragi ka ce ka gama. Kowane rukuni ka ci gaba da shi har sai ka daina jin sabon abu, kuma ka nemi waɗanda ake ce wa masu taurin kai da gangan.

Wajen fitar da sunayen, kasa mutane rukuni-rukuni tukuna. A misalinmu na 600, a ce 420 suna ɓangaren sarrafa kaya, 120 a ofis, 60 shugabanni. Rabon amsoshi 234 ɗin da kake nema zai zama 164 da 47 da 23. In kana son kwatanta shugabanni da sauran, 23 sun yi kaɗan, ka ɗauki dukkan 60 ɗin, ka daidaita nauyinsu wajen lissafi, don kada amsoshinsu su wuce kasonsu na ainihi. Ƙuri'ar kanta ba ta cin minti biyar: zuba lambobin a Excel, sa RAND, umarnin da ke fitar da lambar ƙuri'a, a layin gefe, jera su bisa lambar ƙuri'ar daga ƙarami zuwa babba, ɗebi na sama gwargwadon yawan da za ka gayyata. Tsayawa a bakin ƙofa kana tare duk wanda ya wuce ba ƙuri'a ba ce, ko da kai kana jin ba ka zaɓi kowa ba. Hannu yakan miƙa takarda ga mai sakin fuska.

Gayyatar ta fito daga gare ka. Shugaban ma'aikatar zai iya sanar da cewa an amince da binciken, amma kada saƙon "ka cike" ya fito daga wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girman mutum, domin roƙon shugaba umarni ne. Ka faɗi gaskiyar lokacin da za a ɗauka. In minti 20 ne kada ka ce biyar. Ka bayyana cewa shiga ganin dama ne, mutum zai iya janyewa, kuma babu abin da zai same shi. Masu aikin dare ka je musu da dare. Takardun da aka cike su shiga ambulan a liƙe, a jefa a akwatin da makullinsa ke hannunka, kuma kada akwatin ya zauna kan teburin sakataren manaja. Hira kuma a yi ta a inda shugaban mutum ba zai ga shigarsa ba.

Tunatarwa biyu sun isa, ɗaya bayan mako guda, ɗaya dab da rufewa. Ta uku takura ce. In za ka ba da ɗan ihsani, ya zama ƙarami kuma iri ɗaya ga kowa. Tura mahaɗin Google Forms a zauren WhatsApp na ma'aikata yana da arha, amma ba za ka san wa ya cike ba, ko sau nawa, ko ma ma'aikaci ne.

Kana tattarawa kana rubuta nawa ka gayyata a kowane rukuni, nawa suka amsa, nawa suka ƙi. Da ka rufe, kwatanta waɗanda suka amsa da jerin asali. In masu aikin dare kashi 30 ne na ma'aikata amma kashi 8 ne a amsoshinka, ka koma musu, in kuma lokaci ya ƙure ka rubuta haka ƙarara a rahoton. Kada ka fitar da sakamakon rukunin da bai kai mutum 10 ba. In mace ɗaya ce a sashen injiniyoyi ka rubuta "wata injiniya ta ce", ka riga ka faɗi sunanta, don haka ka haɗe irin wannan rukuni da na kusa da shi kafin ka miƙa wa hukuma komai.